Ranar da Kodineta Ya Kai Hulunan Lauyoyi Wanki

In ka shiga Tarauni ka tambayi gidan Malam Lawan, za a ce maka wane Lawan ɗin, don suna da yawa. Amma in ka ce Lawan Kodineta, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka ƙofar, tana nunawa tana dariya. To ga yadda aka yi sunan ya bi shi.

Malam Lawan akawu ne a wani ofishin lauyoyin gwamnati da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Ya daɗe a wurin har kujerarsa ta lotsa daidai jikinsa. Aikinsa bai wuce ya karɓi fayil daga wannan hannu ya miƙa wa wancan ba, amma in ka ji shi a teburin mai shayin unguwarsu da safe, sai ka rantse shi ke raɗa wa alƙalai hukuncin da za su yanke.

"Jiya ma sai da na ce da Darakta, Madam, wannan shari'ar kada ki tunkare ta ta gaba, zagaya ta baya. Ta zagaya. Kafin azahar mun yi nasara."

"To kai me ya hana ka zama lauyan gaba ɗaya?" in ji mai shayi.

"Lokaci, malam. In na tafi kotu wa zan bar wa ofis?"

Ana nan sai Hajiyar da ke kula da ƙananan ma'aikata ta yi ritaya. Darakta, Barista Folasade, Bayarabiya ce haifaffiyar Hotoro, wadda in ta juya harshe da Hausa ba ka ce ba a Ƙofar Mata aka yanke mata cibiya ba. Ta kira Malam Lawan ofishinta.

"Kai ka fi kowa daɗewa a nan. Ka riƙe mana kujerar Hajiya. Masinja, direba, mai buga takardu, masu shara, duk kai za ka haɗa kansu. Riƙo ne fa, Malam Lawan. Ran Litinin mai zuwa za a yi bikin buɗe sabuwar shekarar shari'a, duk lauyoyin gari za su fito cikin shigar aiki. In ofishinmu ya fita kunya ranar, zan rubuta a tabbatar maka da kujerar. In kuma aka samu akasi..."

"Ranki ya daɗe, akasi ya tattara kayansa ya bar ofishin nan daga yau."

Kalmar riƙo ta shiga ta wannan kunnen ta fice ta wancan. Kafin magariba duk layinsu an san an ba shi muƙami. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Lami tana tankaɗe.

"Lami, daga yau ki san irin matan da za ki riƙa zama da su. Mijinki ya zama Kodineta."

"Allah ya sa alheri. Mene ne aikinsa?"

"Haɗa kan jama'a."

"Kai da ko takalmanka ba ka iya haɗa kansu da safe?"

Bai kula ta ba. Manya ba sa biye wa irin wannan.

Washegari ya iso ofis da sabon usur rataye a wuya, irin na alƙalan wasan ƙwallo. Ya tara ma'aikata a farfajiya, ya hau matakala don ya fi kowa tsawo.

"An daina kiran mutum da ihu kamar a tasha. In na busa gajere, masinja nake nema. In na maimaita, Hafsat. In na ja shi dogo, kowa da kowa."

Hafsat mai buga takardu ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, in tari ya kama ka a tsakiyar busa fa?"

"Tari ba ya kama shugaba a bakin aiki. Bari ku ji gwaji."

Ya cika kumatu ya ja shi dogo. Shi kuwa ofishin nan bakin titi yake. 'Yan adaidaita sahu da ke wucewa suka ɗauka masu kama ababen hawa ne suka kafa tarko. Wasu suka ci burki, wasu suka yi kwana a tsakiyar titi, wani ma ya diro ya bar wata baiwar Allah da kwandon kayan miyarta a ciki, ya shige lungu a guje. Malam Lawan ya leƙa ta saman katanga, ya gyaɗa kai.

"Kun gani? Har waɗanda ba sa ƙarƙashina sun ji a jikinsu."

Daga nan ya shiga canje-canje. Baba Tanko, tsohon masinjan da ke riƙe da makullin ɗakin da lauyoyi ke ajiye kayan shiga kotu, aka ce ya tsufa da hawa bene, ya koma bakin get. Makullin kuwa Kodineta ya jefa a aljihunsa. Sai doka ta ƙarshe, wadda ya fi ji da ita.

"Duk mai wata shawara ya riƙe abarsa sai mitin, ran Litinin da yamma, bayan an gama biki. Shugaba ba ya karɓar shawara a tsaye."

Ran Alhamis ya ce bari ya zagaya ya ga dukiyar da aka damƙa masa. Ya buɗe ɗakin kaya. Ga baƙaƙen rigunan lauyoyi a rataye, duk sun koɗe sun yi laushi kamar tsumma. Ga wasu gwangwanaye a jere a kan kabad. Ya buɗe ɗaya, ya ja da baya yana toshe hanci. Hular gashin nan ce da lauyoyi ke ɗorawa a ka. Ya bi sauran, kowace ta fi 'yar'uwarta dauɗa. Da ya zo kan ta Darakta kuwa sai da ya yi salati. Ta yi ja, ta dafe, kamar tsohuwar tunkiyar da ta shekara tana kwana a madafa.

Abin da Malam Lawan bai taɓa lura da shi ba duk daɗewarsa, su lauyoyi wannan dauɗar ita ce adonsu. Sabon lauya ne ke yawo da farar hula tas, kowa ya gan shi ya san jiya ya baro makaranta. Wanda tasa ta rine ta dafe, shi ake tashi a ba wa kujera. Ita ta Darakta ma gado ce, tsohon lauyan da ya koya mata aiki ne ya cire daga kansa ya ba ta kafin ya rasu.

Yana tsaye riƙe da ita da yatsa biyu sai ga Baba Tanko ya shigo ɗaukar butarsa da ya manta.

"Baba Tanko, wannan kai ne mai kula da ita?"

"Ni ne, yallaɓai. Ai wannan hular tun da aka yi ta ruwa bai taɓa..."

"Ka ji ko! Da bakinka ka faɗa. Ruwa bai taɓa taɓa ta ba! Kuma da wannan kuke so Darakta ta shiga gaban manya ran Litinin?"

"Yallaɓai, da ma abin da nake so in ce..."

"Shawara ce?"

Baba Tanko ya dubi makullinsa da ke leƙowa daga aljihun Kodineta. Ya tuna ranar da ta wuni tana dukansa a bakin get. Sai ya yi murmushi har ana ganin giɓinsa.

"Shawara ce, ranka ya daɗe. Zan riƙe ta sai Litinin."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lauyoyi duk sun watse, Malam Lawan ya sa Bashir direba ya kawo bas ɗin ofis ƙofar bene. Suka loda riguna da gwangwanaye.

"Oga, Madam ta san da wannan tafiyar?" in ji Bashir.

"Shawara kake ba ni?"

"A'a, tambaya ce."

"Ita ma ka haɗa ta da shawara, ka riƙe. Ja mu je kasuwar Tarauni."

A bayan kasuwar akwai rumfar Zakariyya mai wankin hula, abokin Malam Lawan tun suna samari, kuma in ana maganar cika baki shi kaɗai ne ke iya kai Lawan ƙasa. Gaban rumfar cike yake da kututturan icen da ake ɗora hula a kai ta bushe, an jera su a rana kamar kawunan mutanen da aka binne a tsaye.

"Zakari, na kawo maka aikin gwamnati. Hannunka zai iya?"

"Ni? Zanna, kube, damanga, dara, wace hula ce ba ta durƙusa mini ba? Buɗe mu gani."

Aka buɗe. Zakariyya ya ɗaga ta Darakta, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya shinshina.

"Wannan ɗinkin ina ne?"

"Ingila."

"Shi ya sa. Mutanen nan sun iya jirgin sama amma ba su iya hula ba. Dubi, ba tsayi, ba kari, ba baki. Gashin ma duk ya nannaɗe, sai an taje shi ya miƙe."

"Taje shi."

"Sai an jiƙa ta ta kwana, a sa mata bula ta yi haske, a ba ta sitaci, ta hau kututture."

"Sitacin ka ninka. Darakta ce za ta sa."

Zakariyya ya kamo wasu 'yan wutsiyoyi biyu da ke lilo a bayan hular. "Wannan ragowar zaren fa da suka bari? Ko almakashi ba su da shi a can?"

Malam Lawan ya duba sauran, ya ga kowace da nata. Ya girgiza kai don takaicin aikin ganganci.

"Yanke su duka. Amma tara mini, kayan gwamnati ne."

Daga nan suka wuce wurin masu bugu, inda ake shimfiɗa shadda a kan gungume a yi ta dukanta da gudumar ice har ta ɗauki ƙyalli. Shugabansu ya taɓa rigunan ya ce wannan yadin ba ya ɗaukar bugu.

"Ka taɓa gwadawa?"

"A'a."

"To a ba su sitaci su ƙoshi, sannan a buge su kamar kayan angon da ya auri 'yar gwamna."

Ran Lahadi da hantsi aka kawo masa kaya gida. Kai, ko shi da ya ba da aikin sai da ya ja numfashi. Hulunan sun tashi tsaye zanƙal-zanƙal, dogaye, masu kari a gaba, farare masu ratsin shuɗi, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙwas. Zakariyya ya ce da sauran danshi a ciki saboda damina, a ƙara musu rana. Malam Lawan ya jera su a kan katangar da ta raba gidansa da na maƙwabciyarsa Inna Hasana.

Lami ta fito ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, waɗannan mene ne? Turmi ka fara sayarwa?"

"Hulunan lauyoyi ne."

"Na sha ganin lauyoyi a talabijin, ban taɓa ganin mai irin wannan a ka ba."

"Saboda ba su da Kodineta."

Matan layi suka fara shigowa, wannan ta ce aron rariya ta zo, waccan ta ce garwashi take nema, kowace idonta na kan katanga. Wata ta tambayi Lami a hankali ko maigidan ya fara harkar bori ne. Shi kuwa yana kan tabarma yana yi musu bayanin yadda Turawa suka bar aiki rabi shi ya ƙarasa. Bayanin ne ya yi daɗi har ya juya wa katanga baya.

Inna Hasana na da wata akuya mai hawa ko'ina, har kan rufin kaji. Shi kuwa sitacin Zakariyya na garin rogo ne, kuma an ninka. Sai ji aka yi ƙurus, ƙurus. Kafin Malam Lawan ya juyo, akuya ta cinye gaban hular Darakta, tana neman ta biyu.

"Inna lillahi! Inna Hasana! Akuyarki ta ci dukiyar gwamnati!"

Inna Hasana ta leƙo ta saman katanga da muciya a hannu. "Gwamnatin ce ta ce ka shanya mata abinci a kan katangata?"

"Wallahi sai na kai ta kotu!"

"Kai ta mana. Wane lauya zai tsaya maka, alhali ka bar su ba hula?"

Mata suka kwashe da dariya. Malam Lawan ya ɗaga hular, yana hango Lami ta cikin ramin. Kujera ce fa ke neman suɓucewa a cikin bakin akuya. Amma shugaba ba ya daɗewa cikin ruɗu. Ya tuna da Ummi, matar da ke ɗinkin hula a ƙarshen layi. Ya saka takalmi ɗaya nasa ɗaya na Lami ya fita.

Ummi ta duba ramin ta ce za ta iya sa ƙyalle ta cike shi da zare, sai dai farin zarenta ya ƙare, kore da ruwan goro kawai suka rage.

Nan take fuskar Malam Lawan ta washe.

"Ummi, Allah ne ya aiko akuyar nan. Da ma ta yaya hular Darakta za ta zama iri ɗaya da ta yaranta? Zana mata dagi a goshi. Babba."

Ran Litinin gari ya waye da hadari a gabas. Malam Lawan ya sha babbar riga, ya rataya usur a kanta. Bai zo shi kaɗai ba. Ya gayyato mai shayi da 'yan majalisarsu, da Zakariyya wanda ya ce dole ya ga aikinsa a kan mutane, ya jera su a bakin get kusa da Baba Tanko don su zama shaida.

Lauyoyi suka iso cikin baƙaƙen kwat, suka hau bene, suka tarar da ɗakin kaya a kulle. Darakta ta sauko tana duba agogo.

"Malam Lawan, ina makulli? Lokaci na tafiya."

"Ranki ya daɗe, an wuce zamanin da shugaba ke zuwa wurin kaya. Yau kaya ne za su zo wurinki."

Ya ja usur dogo. A titi aka ji ƙarar burki. Ma'aikata suka fito a jere, Hafsat a gaba, kowa ɗauke da faranti an rufe da mayafi, kamar masu kai gara gidan amarya. Bashir ya biyo baya rungume da riguna. Da ya sauke su a ƙasa sai suka tsaya da kansu, baƙaƙe, suna walƙiya, hannuwa a buɗe, kamar jama'a sun yi sahu ba kawuna.

"A buɗe!"

Aka yaye mayafai.

Darakta ta matso a hankali ta tsaya gaban farantin Hafsat. Ta dubi tsayin, ta dubi shuɗin, ta dubi dagin kore da ruwan goro. Ta faɗi wata magana da Yarabanci wadda ba wanda ya ji ma'anarta, amma kowa ya gane ba addu'a ba ce.

"Wannan... tawa ce?"

"Ba ki gane ta ba ko? Haka na ce da Zakari, wallahi ba za ta gane ta ba!"

Zakariyya ya ɗaga hannu daga bakin get don a san shi ne.

"Ina wutsiyoyin?" Muryarta ta yi ƙasa sosai.

Malam Lawan ya zaro wata baƙar leda daga aljihu, ya miƙa da hannu biyu. "Ko ɗaya ban zubar ba, ranki ya daɗe. Ki ƙirga."

Barista Chibueze, wani dogon lauya mai saurin fushi, ya zaro waya ya shiga kiran abokansa ko za a samu aro. Ina! Yau ce ranar da duk mai hula a garin nan take kansa. Kuma ba a shiga jerin gwanon biki ba shiga, in kuwa aka kira sunan ofis ba kowa, wannan ta fi komai muni. Darakta ta rufe ido ta buɗe.

"Ku saka."

Aka shiga kokawa da riguna. Sai an riƙe wa mutum ita a tsaye, ya sunkuya ya shiga ta ƙasa kamar mai shiga akurki. Barista Chibueze ya nufi bas, rigar ta ƙi lanƙwasuwa, ya tura da ƙarfi ta ce ƙaƙas, hular ta daki saman ƙofa ta faɗo ta gangara ƙarƙashin mota ba ta ko lotsa ba.

"Kun ga aiki!" in ji Zakariyya. "Mota ma in ta taka ta, tayar ce za ta ji."

Da aka ga ba mai iya zama, Darakta ta ce a taka da ƙafa, da ma kotun ba nisa. Malam Lawan ya yi wuf ya shige gaba yana buɗe hanya. Lauyoyi na biye, hannuwa a ware, riguna na ƙara kwaram-kwaram, 'yan majalisar Tarauni na take musu baya.

Gyaɗi-Gyaɗi ta fito kallo. Masu shaguna suka bar ciniki.

"Sarauta aka naɗa ne?"

"A'a, fim ake ɗauka."

"Hajiya, a ina aka ɗinka? Ina da ɗaurin aure ran Asabar!"

Malam Lawan na ɗaga musu hannu, yana waiwayen Darakta. "Kin ji ko, ranki ya daɗe? Har oda ake nema."

Ba su kai rabin hanya ba hadarin nan ya ce ga ni. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sitaci ya ji ruwa ya tuna asalinsa. Hulunan da suka tsaya ƙyam suka fara sunkuyawa, suka kwanto kan fuskokin masu su, kunu-kunu na zuba ta bayan kunne. Bular ta biyo baya. Kafin ka ce me, lauyoyin gwamnati sun koma shuɗaye tun daga goshi har haɓa, kamar an tsamo su daga marina. Rigunan suka saki jiki suka manne, suna yauƙi.

Wasu awaki da suka fake a rumfar mai faci suka jiyo ƙanshin rogo. Suka manta da ruwa suka shigo jerin gwano. Ɗaya ta kama gefen rigar Barista Chibueze, yana ja tana ja.

"Malam Lawan! Yi wani abu mana!" in ji Barista.

Abu ɗaya Kodineta ya sani. Ya cika kumatu ya ja usur dogo, ya sake ja. Awaki ko a jikinsu. 'Yan adaidaita sahu kuwa suka cirje gaba ɗaya, na baya ya daki na gaba, titi ya cushe. Da fasinjoji suka ga ba gaba ba baya, sai kowa ya zaro waya ya shiga ɗauka.

A haka suka isa ƙofar kotu. Sauran lauyoyin gari na tsaye a baranda, a bushe, kowa da jar hularsa mai wutsiya. Hira ta tsaya cak. Wani dattijon lauya mai sanda ya gyara tabarau, ya matso bakin baranda, ya ƙura wa kan Darakta ido, inda dagi ya zamo ya rufe mata gira ɗaya.

"Folasade? Kada ki ce mini hular marigayi ce wannan."

Malam Lawan ya ga ana neman a yi rabon yabo ba shi. Ya kutsa gaba, babbar riga na ɗiga, ya dafa ƙirji.

"Ita ce, yallaɓai! Aikina ne, ni Lawan, Kodineta. Ruwa ne kawai ya ɓata mana. In kuna so, ku tara naku ran Juma'a in aiko Bashir da bas."

Wani daga baya ne ya fara dariya, sannan barandar gaba ɗaya ta ɗauka. Har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya jingina da bango yana riƙe ciki. Dattijon ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya cire tasa hular ya rungume ta a ƙirji, ya ja da baya.

Da yamma aka yi mitin kamar yadda Kodineta ya tsara, sai dai Darakta ce a kan kujera. Ta yi wanka ta canza kaya, amma akwai sauran shuɗi a bayan kunnenta, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata. Ta miƙa hannu. Malam Lawan ya zaro makulli ya ajiye. Ta tura shi gaban Baba Tanko.

"Kujerar Hajiya, Hafsat za ta riƙe. Kai kuma, Malam Lawan, tunda kana son iska da jama'a, ka koma bakin get. Akwai mai magana?"

Baba Tanko ya ɗaga hannu, ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya juya wajen Malam Lawan cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, shawarar nan ce da ka ce in riƙe sai yau."

"Faɗi," in ji Malam Lawan.

"Cewa na yi, kada a wanke hulunan."

Washegari da safe teburin mai shayi ya cika fiye da kullum, kowa da waya a hannu, ana ta maimaita wurin da akuya ke jan Barista. Sai ga Malam Lawan ya iso, usur a wuya, ya ja benci ya zauna a tsakiya.

"Kodineta! An tabbatar da kujerar kuwa?" in ji mai shayi.

"Wace kujera? Ai an wuce nan. Gaba ɗaya ofishin aka damƙa mini." Ya kurɓi shayi. "Yanzu ko Darakta ce ta zo, sai ta tsaya ta yi hon, ta jira in ga dama in buɗe mata."